Remote Desktop ya ƙi karɓar asusun da ba shi da kalmar sirri bayan na koma Windows 11

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da wata kwamfutar tebur da nake ajiye fayiloli a cikinta, akwai kuma wata manhajar aiki da take gudana a kanta dare da rana. Tana wani ɗaki daban, ba kasafai nake zama a gabanta ba, daga laptop ɗina nake shiga ta Remote Desktop. Asusun da ke cikinta ban taɓa sa masa kalmar sirri ba, saboda ina so idan wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutar ta tashi da kanta manhajar ta ci gaba da aiki. Mun daɗe a haka a kan Windows 10 Pro lafiya lau. Makon jiya na ɗaga ta zuwa Windows 11, tun daga ranar ta ƙi ni. Wani lokaci ta ce 'Your credentials did not work', wani lokaci ta yi maganar 'account restriction'. Amma idan na je gabanta na kunna, tana shiga ba gardama. Me ya lalace, kuma yaya zan mayar da ita yadda take? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, mu da kai baki ɗaya. In na fahimce ka da kyau, asusun na cikin kwamfutar ne ita kanta, ba shi da kalmar sirri, a gabanta kana shiga, daga nesa kuma an tare ka tun da ka koma Windows 11. Wannan bambancin da ka lura da shi tsakanin shiga ta gaba da shiga daga nesa shi ne abu mafi amfani a tambayarka, don ya kusa faɗin sunan matsalar. Ga dukkan alamu babu abin da ya lalace. Wata dokar tsaro ce da aka taɓa kashewa a kwamfutarka, ɗagawar da ka yi ta dawo da ita bakin aiki. Zan nuna maka yadda za ka tabbatar da haka, da yadda ake sake kashe ta idan ka ga dama. Sai dai tun yanzu ina gaya maka ba ita ce hanyar da nake so ka bi ba, domin abin da kake nema, wato kwamfutar ta tashi da kanta, ana samunsa ko da asusun yana da kalmar sirri.

Dokar ta girmi Windows 11 nesa ba kusa ba

Tun Windows XP, wadda ta fito a 2001, Microsoft ta sa wani sharaɗi a cikin saitunan tsaro mai suna "Accounts: Limit local account use of blank passwords to console logon only". Abin da yake cewa shi ne, asusun cikin kwamfuta da ba shi da kalmar sirri ba zai shiga ba sai ta allo da madannan da ke jone da ita. Duk shigar da ta biyo ta netwok, ko ta kebul ko ta Wi-Fi, an hana ta. A kunne dokar take zuwa a kowace Windows tun daga lokacin: Vista, 7, 8, 10, har 11.

Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Wanda ke tsaye a gaban kwamfutarka ya riga ya tsallake wani shinge, tunda sai da ya shigo ɗakin. Wanda ke zuwa ta netwok bai tsallake komai ba. Idan babu kalmar sirri, sunan asusu kaɗai yake buƙata, shi kuwa sunan asusu ba abin ɓoyo ba ne. Yawanci User ne, ko Admin, ko sunan mai kwamfutar.

To ruwa ba ya tsami banza. Idan ka yi shekaru kana shiga Windows 10 daga nesa ba kalmar sirri, tabbas wani ya kashe wannan dokar a baya. Ko kai ne ka yi tuntuni ka manta, ko wanda ya haɗa maka kwamfutar, ko wata manhaja da ta taɓa saitin ba ka sani ba. Ɗagawa daga 10 zuwa 11 kuma ba irin sabuntawar wata-wata ba ce da ake ɗan liƙa gyara a wuce. Sabuwar Windows ake girkawa, a tura tsohuwar cikin wata jaka mai suna Windows.old, sannan a kwaso fayilolinka da manhajojinka da saitunanka zuwa sabuwar. A wurin wannan kwason ne wasu saitunan da aka canza da hannu suke komawa yadda kamfani ya tsara su, kuma a aikina na sha tarar da wannan dokar a kunne bayan babbar ɗagawa a kwamfutar da mai ita yake rantsuwa a kashe take. Idan kuwa goge faifan aka yi aka girka Windows 11 daga tushe, babu ma tantama, dokar tana kunne.

Kafin ka taɓa komai, rarrabe matsala biyu

Yawancin lokacin da mutane suke ɓatawa a kan Remote Desktop, a nan suke ɓata shi: suna gyaran abin da ba shi ne ya tare su ba. Matsala biyu ce masu kama da juna. Ɗaya, laptop ɗinka bai ma kai ga kwamfutar ba. Ta biyu, ya kai, an tambaye shi ko wane ne, an kuma ƙi amsarsa.

Saƙon da ka gani ne zai raba maka su. Idan taga ta daɗe tana juyi sannan ta ce "Remote Desktop can't connect to the remote computer", ta jero dalilai uku, matsalar isa ce. Idan kuwa ta buɗe wurin rubuta suna da kalmar sirri sannan ta ƙi, kamar yadda ta yi maka, to an isa. Saƙonnin biyu da ka kawo duk na kashi na biyu ne, saboda haka rauta (na'urar da ke raba netwok) da kebul da katangar tsaro, wato Firewall, ba su da laifi a wurinka. Ina so ka riƙe wannan, kada wani ya sa ka kashe Firewall a banza.

Duk da haka, ga gwajin da yake yanke gardama cikin daƙiƙoƙi. A laptop ɗinka buɗe PowerShell ka rubuta wannan, ka sa lambar IP ta kwamfutar tebur, wato adireshinta a netwok, a madadin wadda na rubuta:

Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 3389

Lambar 3389 ita ce ƙofar da Remote Desktop yake sauraro a kanta. Idan ka ga TcpTestSucceeded ya ce True, hanya a buɗe take. Idan False ya ce, duba abubuwan da ɗagawa ta saba birkitawa. Na farko, ko Remote Desktop ɗin yana kunne a Settings, System, Remote Desktop. Na biyu, ko Windows ta ɗauki netwok ɗinka a matsayin Public maimakon Private, domin ƙa'idojin katangar tsaro sun bambanta a tsakaninsu. Sai lambar IP, wadda rauta kan iya canzawa bayan an sake kunna kwamfuta, ka rubuta ipconfig a gabanta ka gani. Sai barci: kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira, kuma saitin wuta yana cikin abubuwan da ya kamata a sake dubawa bayan ɗagawa. Ka kuma rubuta winver ka tabbatar Pro ce har yanzu. Ɗagawa ta al'ada tana barin Pro a Pro, amma idan daga tushe aka girka, mai girkawar kan ɗauki lasisin da ke binne a cikin injin, wanda sau da yawa na Home ne. Windows Home tana iya shiga wata kwamfuta ta Remote Desktop, amma ita ba a shigarta.

Mu dawo kan taka. Akwai wurin da Windows take rubuta ainihin dalilin da ya sa ta ƙi mutum, wanda ba ta nunawa a saƙon da ke fitowa a laptop. Gwada shiga sau ɗaya, ka lura da lokacin, sannan ka je gaban kwamfutar tebur ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, Security, ka nemi abin da aka rubuta da lamba 4625 a daidai wannan lokacin. Wannan lambar tana nufin an yi yunƙurin shiga bai yi nasara ba. A cikinsa akwai layuka biyu, Status da Sub Status. Idan ka ga 0xC000006E, takunkumi ne a kan asusun, kuma ga asusu irin naka dokar da muke magana ce. Idan 0xC000006A ne, kalmar sirrin da aka aiko ba daidai ba ce. 0xC0000064 yana nufin babu asusu mai wannan sunan. 0xC000015B yana nufin asusun yana nan amma ba a ba shi izinin irin wannan shigar ba. 0xC0000234 kuma an kulle asusun ne saboda yawan kuskure. Ni ban fiye taɓa wani saiti ba sai na karanta wannan, domin minti biyun da zan kashe a nan suna hana ni yinin lalube.

Hanya ta biyu ta tabbatarwa ita ce ka tambayi rajistar Windows kai tsaye. Buɗe Command Prompt ka rubuta:

reg query HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Lsa /v LimitBlankPasswordUse

Idan amsar ta ƙare da 0x1, dokar tana aiki. Idan 0x0 ce, a kashe take, matsalarka tana wani wuri, sai ka tsallaka zuwa sassan ƙasa.

Saƙon "Your credentials did not work" da kake gani wani lokaci yana iya zama daga wani abu daban da ya haɗu da na farko. Laptop ɗinka yana ajiye bayanan shiga na tsohuwar haɗuwa, kuma yakan liƙa sunansa shi kansa a gaban sunan asusun. Don kauce wa wannan, a gaban kwamfutar tebur rubuta whoami. Zai ba ka abu mai kashi biyu, sunan kwamfuta da sunan asusu, da alamar \ a tsakani. Yadda ya fito ɗin nan za ka rubuta shi a Remote Desktop, bayan ka danna "More choices" sannan "Use a different account". Wannan yana da muhimmanci musamman idan an taɓa canza sunan da ke bayyana a allo, domin sunan allo daban, sunan asusu na ainihi daban. Tsofaffin bayanan kuma za ka same su a Credential Manager na laptop, ƙarƙashin Windows Credentials, masu farawa da TERMSRV. Goge na wannan kwamfutar.

Gyaran da nake ba ka shawara

Ka ce dalilin barin asusun ba kalmar sirri shi ne kwamfutar ta tashi da kanta bayan wuta ta dawo. Buƙata ce mai kyau, kuma Windows tana da hanyar biyanta da aka tanada musamman: shiga kai tsaye. Asusun zai kasance da kalmar sirri, Windows ta riƙe ta, duk lokacin da kwamfutar ta tashi ita ce za ta shigar da ita da kanta. A gaba babu mai tambayarka komai, daga nesa kuma sai mai kalmar. Manhajarka za ta ci gaba da tashi yadda ta saba.

Fara da sa kalmar sirrin, kuma ka yi shi daga cikin asusun shi kansa. Ko ka bi Settings, Accounts, Sign-in options, Password, ka danna Add, ko ka danna Ctrl da Alt da Del tare, ka zaɓi "Change a password", ka bar wurin tsohuwar kalma ba komai, ka rubuta sabuwar sau biyu. Akwai dalilin da na ce daga cikinsa. Idan wani asusun admin ne ya tilasta masa sabuwar kalma daga waje, Windows da kanta tana gargaɗin cewa asusun zai iya rasa fayilolin da ya rufe da EFS, wato tsarin Windows na kulle fayiloli, da kalmomin sirrin da ya ajiye. Idan mai asusun ne ya canza da hannunsa, duk waɗannan suna nan. Kalmar ta zama doguwa. Tunda ba kullum za ka riƙa bugawa ba, jimla mai kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ba za ta dame ka ba.

Sannan kunna shiga kai tsaye. Danna maɓallin Windows da R, rubuta netplwiz, zaɓi asusun, cire alamar da ke kan "Users must enter a user name and password to use this computer", danna Apply, rubuta kalmar sau biyu. A Windows 11 mutane da yawa suna buɗe tagar su tarar babu wannan akwatin. Yana ɓuya ne idan wani saiti a Sign-in options yana kunne, wanda ya fara da "For improved security, only allow Windows Hello sign-in". Kashe shi, rufe netplwiz ka sake buɗewa. Idan akwatin bai fito ba, akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna Autologon daga cikin kayan Sysinternals na Microsoft. Suna, sunan kwamfuta, kalmar sirri, Enable, shi ke nan. Ita nake amfani da ita yawanci saboda ba ta da wannan ɓuyan. Abin da ba na so ka yi shi ne hanyar da ake yawan koyarwa ta rubuta kalmar a rajista ƙarƙashin Winlogon a matsayin DefaultPassword, domin a nan a fili take zaune, duk wanda ya leƙa zai karanta. Autologon da netplwiz a rufe suke ajiye ta, ko da yake mai ikon admin a kwamfutar zai iya tono ta, saboda haka kada ka yi amfani da kalmar da kake amfani da ita a imel ko banki.

Abu ɗaya da yake ɓata wannan tsarin bayan an manta da shi shi ne ƙarewar wa'adin kalma. Tsarin Windows na asali yana ba kalmar sirrin asusun gida kwana 42, sai in an ce kada ta ƙare. Rubuta net user sannan sunan asusun, ka duba layin "Password expires". Idan kwanan wata ka gani maimakon Never, buɗe lusrmgr.msc, shiga Users, danna asusun sau biyu, sa alama a "Password never expires". In ba haka ba, wata rana wuta za ta dawo kwamfutar ta tsaya a allon shiga tana neman sabuwar kalma, kuma Remote Desktop a tsarinsa na yanzu ba ya barin a canza kalmar da ta ƙare daga nesa.

Tunda manhajarka dare da rana take aiki, ga wani abu da zai amfane ka. Windows ta kwamfutar mutum ɗaya zama ɗaya take bari a lokaci guda. Idan ka shiga daga nesa da asusun da ya riga ya shiga, zaman nan ɗin za ka karɓa, allon gaba ya kulle, manhajar ba ta tsaya ba. In ka gama, rufe tagar kawai ko ka zaɓi Disconnect. Kada ka danna Sign out, shi ne zai rufe duk abin da ke gudana.

Idan ka dage sai ba kalmar sirri

Kwamfutarka ce, kuma akwai wuraren da ni ma nake ganin uzurin yin haka, kamar injin gwaji da ba ya haɗe da komai sai kwamfuta ɗaya. Ga yadda ake yi. Danna Windows da R, rubuta secpol.msc, shiga Local Policies, Security Options, nemi layin nan na "Limit local account use of blank passwords", mayar da shi Disabled. Ko kuma a Command Prompt da aka buɗe da ikon admin:

reg add HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Lsa /v LimitBlankPasswordUse /t REG_DWORD /d 0 /f

Abu ɗaya suke yi. A ƙa'ida canjin yana kamawa nan take ba sai an sake kunna kwamfuta ba. Daga laptop ka rubuta sunan yadda whoami ya ba ka, ka bar wurin kalma ba komai, ka danna OK.

Amma ka san abin da ka buɗe. Dokar ba ta asusu ɗaya ba ce, ta kwamfutar ce gaba ɗaya, kuma ba Remote Desktop kaɗai take tsarewa ba. Da ka kashe ta, duk asusun da ke kunne a cikin injin wanda ba shi da kalma ya zama abin shiga ta netwok, har ta hanyar raba fayiloli. Idan asusun naka admin ne, wanda shi ne abin da aka fi samu, to duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗinka tana da damar zama mai kwamfutar: wayar baƙon da ka taɓa ba lambar Wi-Fi, ko wani laptop da ya kwaso mugunyar manhaja. Fayilolin da ka ce kana ajiyewa a ciki su ne abin da ke kan layi.

Idan duk da haka za ka yi, rage ɓarnar. Rubuta net user ka ga jerin asusun da ke cikin injin, ka kashe waɗanda ba ka amfani da su. Buɗe wf.msc, Inbound Rules, nemi "Remote Desktop - User Mode (TCP-In)" da takwararsa ta UDP, a shafin Scope ka taƙaita Remote IP address zuwa lambar laptop ɗinka kaɗai, ka kuma sa rauta ta riƙa ba laptop ɗin lamba ɗaya kullum. Sannan ka shiga saitin rauta ka tabbatar ba a tura ƙofar 3389 zuwa intanet ba. A kan wannan na ƙarshen ba ni da sassauci ko kaɗan. Akwai injuna da aikinsu kenan, zagaya intanet suna ƙwanƙwasa 3389 suna gwada sunaye, kuma Remote Desktop da aka bari a buɗe yana cikin manyan hanyoyin da masu rufe fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa suke shigowa. Mai kalmar sirri ma yana cikin haɗari a can, balle marar ita. Idan wata rana kana son shiga daga wajen gida, VPN, wato rufaffiyar hanya da ke haɗa ka da netwok ɗin gida, ake sawa a gaba. Ka kuma sa a ranka cewa babbar sabuntawa ta gaba tana iya sake kunna dokar, ka dawo inda ka fara.

Akwai shawarar da za ka ci karo da ita, cewa a kashe Network Level Authentication, wato tantancewar da ake yi kafin a nuna maka allon shiga. Kada ka bi. Kashe ta ba ya ɗage dokar kalmar sirri, tunda shiga daga nesa tana nan a matsayin shiga daga nesa, sai dai wurin da za a ƙi ka ya canza. Abin da za ka rasa kuwa babba ne. A watan Mayun 2019 aka bayyana wata ɓaraka a Remote Desktop na tsofaffin Windows da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ta yi munin da sai da Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kulawa da ita tun 2014. Wannan tantancewar ta farko tana cikin abubuwan da suka tare wanda ba shi da bayanan shiga daga kaiwa ga ɓarakar.

Idan asusun ya koma na Microsoft ba ka lura ba

Wannan ya cancanci dubawa, domin Windows 11 tana matsa wa mutane su haɗa asusunsu da imel na Microsoft, wani ya danna Next ya wuce bai san ya amince ba. Je Settings, Accounts, Your info. Idan "Local account" aka rubuta, duk abin da na faɗa a sama naka ne. Idan adireshin imel ka gani, labarin ya canza, dokar LimitBlankPasswordUse ba ta shafe ka ba.

Irin wannan asusun yana da kalmar sirri, ta imel ɗin, amma mai shi da PIN ko yatsa ko fuska yake shiga, har ya ɗauka ba shi da ita. PIN a ɗaure yake da injin da aka yi shi a kai, saboda haka ba ya aiki a Remote Desktop na gida. Kalmar asusun Microsoft ake so, sunan kuma adireshin imel ɗin, wani lokaci sai an sa MicrosoftAccount\ a gabansa. Abin da yake rikita mutane shi ne su rubuta kalmar daidai a ƙi ta. Dalili, kwamfutar tana gwada abin da aka aiko ne da kwafin da ta ajiye lokacin da aka shiga da kalmar a gabanta, idan kuma ba a taɓa yin haka ba tun bayan ɗagawa, ba ta da abin gwadawa. Maganin: kashe saitin Windows Hello da na ambata, fita daga asusun, a allon shiga danna "Sign-in options", zaɓi kalmar sirri, shiga da ita sau ɗaya kwamfutar tana kan intanet. Tun watan Satumbar 2021 kuma Microsoft ta ba da damar cire kalmar sirri daga asusunta ɗungurungum. Wanda ya yi haka sai ya mayar da ita, ko ya buɗe asusun gida daban don shiga daga nesa.

Sauran abubuwan da kan rage

Idan ka sa kalma kuma har yanzu ana ƙin ka, koma Event Viewer ka sake karanta lambar, yawanci ta canza. 0xC000015B yana kai ka ga izini: asusun da ba admin ba dole ya kasance cikin rukunin Remote Desktop Users, ka kuma duba secpol.msc ƙarƙashin User Rights Assignment kada ya kasance cikin "Deny log on through Remote Desktop Services", domin hani yana rinjayar izini. 0xC0000234 kuma haƙuri yake so. Daga sigar 22H2, sabuwar Windows 11 tana zuwa da ƙa'idar kulle asusu na minti 10 bayan kuskure 10, kuma mai gwaji a jere yakan kulle kansa ana tsakiyar gyara ya ɗauka gyaran ne bai yi ba. Umarnin net accounts zai nuna maka ko ƙa'idar tana aiki a injinka. Idan saƙon ya ambaci CredSSP da "encryption oracle remediation", ɗaya daga cikin injinan biyu ne bai samu sabuntawar tsaro da aka fitar a 2018 ba, a wurinka laptop ɗin zan zarga, sabunta shi kawai. Idan kuma ya ambaci Credential Guard, ajiyayyar kalma ce ya ƙi, sai ka buga ta da hannu.

Komawa Windows 10 yana yiwuwa cikin kwana 10 na farko ta Settings, System, Recovery, kuma da alama kana cikin wa'adin. Ban ga dalilin yin haka a kan wannan ba, ga shi Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Duk wannan na gina shi ne a kan abin da ka rubuto, ban ga injin ba, kuma na ɗauka naka ne kai kaɗai. Idan na wurin aiki ne da ke ƙarƙashin domain, wato tsarin da ake sarrafa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, saitin yana iya zuwa daga sama, ka canza shi da hannu ya koma da kansa cikin kamar awa ɗaya da rabi, can sai mai kula da netwok. Idan ka bi matakan bai buɗe ba, turo min lambobin Status da Sub Status na 4625, da abin da winver da whoami suka nuna, da amsar Test-NetConnection, amma ka rufe adireshin imel idan ya fito a ciki.